Shuɗiyar Robar da Na Tanada

Zuwa ga Gwaggo Marwei,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki? Ya su Baba da mutanen Gutu? Ni lafiya lau nake a nan Polokwane. Aikin tsinkar tumatir yana tafiya, tsuguno ne kawai yake ɗan ba ni wahala.

Ƙullutun nan na gabana ya sake tasowa har ya kai ƙwan kaza, na kwana huɗu ina tafiya a tale. A asibiti nas ta tsaga ta matse shi. Ta ce wata 'yar hanyar ruwa ce ta toshe, ba ruwansa da namiji, in riƙa zama cikin ruwan ɗumi safe da yamma. Na sayi shuɗiyar roba ina yi, kuma da sauƙi.

Gwaggo, ban manta ba. Uwar mijina kaɗai na nuna wa abin nan bara, ta miƙe a taron matan coci na Alhamis ta ce, "Ku sa matar Tonderai a addu'a, ta kwaso cutar yawo." Ga takardar asibiti na haɗo, ki karanta musu da ƙarfi a wurin da ta tsaya.

Kada ki yi mata faɗa. Ki ce ina tafe da Kirsimeti, zan durƙusa in zuba mata ruwan wanke hannu kafin ta ci tuwonta na sadza, yadda surukar kirki take yi. Robar ma na tanada. Shuɗiya ce.

Allah ya bar mana ke.

'Yarki,
Shuvai