Rigar Mama da Bakin Kawu

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya karatu, yaya ciwon haƙorin nan? Mu nan kowa lafiya, sai zuciyata da ba ta da sukuni.

Na san kina mamakin yadda Mama ta yi sati uku ba ta ɗaukar wayarki. Saboda farar rigarta ce ta mawaƙan coci. Ta buɗe akwati ta tarar da ita a ninke, da tambarin dutsen guga baƙi ƙirin a ƙirji. Tunda ke ce mai guga a gidan nan, ta ce ke kika ƙona kika gudu makaranta.

Yaya, ki zauna kafin ki ci gaba. Ni ce. Ranar da kika tafi na ɗauki gugar, hannu ɗaya a kan dutse, ɗaya riƙe da littafin nan na soyayyar likita da mai sayar da furanni. Daidai inda ya kama hannunta a tashar jirgi na ji ƙauri. Na yi zaton girkin maƙwabta ne.

Ran Asabar na tafi furta zunubi, don an ce baƙon Fada, limamin wani coci da bai san ni ba, zai zo. Na durƙusa a bayan labule, na maƙale murya irin ta tsohuwa. Sai ƙamshin man zafi ya buge ni, aka yi tarin nan mai hawa biyu. Kawu ne, Yaya! Fadan cocinmu, ƙanen Mama ciki ɗaya, mai cin abinci a gidanmu duk Lahadi! Ashe motar baƙon ta lalace.

Ya ce, baiwar Allah, yi magana da muryar da Allah ya ba ki. Na fara da cewa guguwar ƙaddara ce ta kaɗa ni. Ya ce a bar guguwa a waje, me kika yi, kuma sau nawa? Na faɗi komai. Ya tambaye ni ko nadama nake yi, ko dai tsoron a kama ni. Na ce rabi da rabi. Ya ce to mu yi aiki a kan rabin. Ya sa na yi alkawarin raba guga da karatu, ya ce in karanta addu'ar "A gaishe ki Maryamu" sau goma, ya yi mini addu'ar gafara. Sannan ya ce sunan 'yar'uwata da na shafa wa baƙi, ni ce zan wanke shi.

Shi ya sa na fara da ke, don ke kina nesa, hannunki ba zai kai kunnena ba.

Ki huta lafiya. Ƙanwarki mai kunya,
Auta

Yayata ta kaina,

Ina gaisuwa. Amsarki ta iso, layi biyu kacal, kuma na cancanci kowace kalma.

Bari ki ji Lahadi. Kawu ya zo, ya wanke hannu, ya zauna yana fuskantata. Na tabbata yau asirina ya tonu. Mama ta ɗauko rigar ta shimfiɗa a gabansa, tana cewa dubi aikin 'yarka mai zuwa makaranta. Na shaƙe da shinkafa. Kawu ya dubi rigar kamar bai taɓa jin labarinta ba, ya ce lallai ta ƙone, a miƙo masa miya. Ko ƙifta mini ido bai yi ba.

Da na raka shi bakin ƙofa na tsaya ina jira ya yi mini faɗa. Sai ya tambaye ni yadda lissafi ke tafiya a makaranta. Ashe abin da aka faɗa masa a bayan labule ba ya ɗaga shi, ko da mai shi, balle ya kai wa wani. Ko wuƙa aka sa masa a wuya.

Shirun nan ya fi mini bulala zafi. Da ya tona ni, da na huta. Ran Talata na sami Mama tana yanka albasa, na ga dama ce tunda hawaye ya riga ya zo, na faɗa mata. Abin da ya biyo baya ba na rubutawa ba ne. Kunnena na hagu dai har yau da ɗumi. Ta ƙwace littafin, saura babi biyu, ban san ko likitan ya dawo ba.

Ta kira Kawu a waya, wai kai ka sani ka zauna ka cinye mini nama? Ya ce shi bai san wanda ya je wurinsa ba, balle abin da aka ce, amma naman ya yi daɗi. Ta ce tun yana yaro bakinsa ba ya riƙe ko gyaɗa, sai yanzu. Ke kuma za ta kira ki gobe. Ki ɗauka, don Allah, kar ki ja aji da yawa.

Wani abu kuma, tsakanina da ke. Jiya na ji ƙauri, na ruga kicin, tukunyar miya ta kama har gindi. Mama na zaune a kan kujera 'yar tsugunno, tabarau a hanci, littafina a hannunta, tana share ido da gefen zane. Ta ce wutar ce ta yi yawa, wai na san halin murhun nan.

Yau Asabar na gan ta a layin furta zunubi, tana gyaran murya.

Gobe Kawu zai ci ƙonanniyar miya, kuma na san ko uffan ba zai ce ba.

Ki gaishe da abokan ɗakinki. Taki har kullum,
Auta