Miyar Waken da Renske Ba Ta Sha Ba

Malama Hermien,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin sanyin bana ya ƙare mana a haka. Ni ba mai rubuta wa jarida ba ne, kuma in abokaina suka ji cewa a kan miya na rubuto, na gama shan kofi lafiya a cikinsu. Amma abin ya kai ni bango.

Aikina a da ɗaga gada ne idan jirgin ruwa zai wuce, yanzu na yi ritaya. Matata, bari in kira ta Renske, mun haura shekara talatin tare. Ranar Lahadi a gidanmu miya ce da burodi, kamar gidan kowa. Da sanyi ya kama kuwa sai snert, miyar koren waken nan tamu mai kauri. Ni ke dafawa tun Asabar, ta kwana ta kama jikinta. Renske ke yanka baƙin burodi, ta shafa bota, ta ɗora cuku. Kafin a zuba sai ta soka cokali a tsakiyar tukunya, in ya karkata ta ce, "Yau kuma ruwan kogi ka dafa mana?" Sau nawa ta yi mini wannan tsiyar, ban taɓa gajiya da ji ba.

Bara ciwon ciki ya sa ta gaba, ga kumburi ga ciwon gaɓoɓi. Wata ƙawarta da suke waƙa tare ta nuna mata wani tsarin cin abinci da ake kira paleo, wai cimar mutanen zamanin dutse. Nama da kifi da ƙwai da ganye an yarda, ban da hatsi, ban da madara da cuku, ban da su wane da wane. Na yi ta yi mata dariya, ina cewa saura mu koma kogo. To amma gaskiya ɗaya ce, ta samu sauƙi. Matar da ba ta iya hawa bene sai da nishi, yanzu da keke take zuwa kasuwa ko ana iska.

Sai dai tun daga nan tukunya ta zama biyu. Ta dafa nata, ta ci tun kafin ƙarfe shida ta yi, yawanci a tsaye. In na zauna da burodina sai ta ce, "Ci abinka, kada ka damu da ni," ta haye sama. Ni kuma in ci ina kallon kujerarta. Na gwada gasa mata burodin garin almon, ƙwayar nan mai kama da gyaɗa, tunda ba hatsi ba ce, garin da tsadarsa ba ta mai fansho ba ce, abin ya fito kamar bulo, ana sa wuƙa ya wargaje. Tsuntsaye ne suka amfana.

Ga abin da ya sa na rubuto. Makon da ruwa ya fara daskarewa na ce bari in ba ta mamaki. Na dafa snert, na cire dankalin turawa, na cire sosej, naman nan da ake ɗurawa a hanji, don na ga akwai fulawa a ciki, burodi kuwa na ɓoye shi a kabad. Ban ko tsaya tunanin waken ba. Kore ne, daga ƙasa yake fitowa, a wurina ɗan'uwan ganye ne. Wane mutumin ƙasar nan ne yake kallon snert ya ga wake? Sanyi ne ya zo, ga miyarsa, shi ke nan.

Ranar Lahadi na fito da kwanukan baƙi, na kira ta. Ta sauko tana shaƙar ƙamshi, ta ɗauki cokali ta soka, ya tsaya cak, har ta yi dariya irin ta da. Sai na ga fuskarta ta canza. Ta ce, "Wake ne fa. Wata nawa ina gaya maka ba na cin wake?" Maimakon in yi shiru, sai bakina ya riga hankalina, na ce ai da mutanen zamanin dutsen nata sun samu wannan miyar da har tukunyar za su lashe. Ta fashe da kuka, ta koma sama. Na kinkimi tukunyar na kai wa maƙwabcinmu Gerrit, gwauro, wanda ya ɗanɗana ya ce, "Kai dai ka riƙa ɓata mata rai duk Lahadi, ni tukwane gare ni."

Na ba ta haƙuri, ta ce ya wuce. Amma tun ranar sai ladabi muke wa juna kamar 'yan haya: sannu, na gode, bari in matsa maka. Wallahi gara faɗa. Kewar matata nake yi alhali ina jin takunta a saman kaina.

Shin in roƙe ta ta sassauta wannan doka ko da rana ɗaya a mako? Ko akwai wata miya da wani abin da zai tsaya a madadin burodi, waɗanda ba za su cinye mana fansho ba? Ki gaya mini gaskiya, ko da ni ne mai laifi.

Tsohon Mai Ɗaga Gada,
daga bakin kogin IJssel

*

Malam Mai Ɗaga Gada,

Tunda gaskiya ka nema, ga ta: ka yi gyaran gangar Auzinawa. Niyyarka kyakkyawa ce, ba wanda zai tsaya kan murhu yini guda don matar da ba ya so. Amma mace ta shafe watanni tana faɗin abin da take ci da wanda ba ta ci, kai kana ba'ar kogo, ba ka saurara ba. Wannan ya fi waken yi mata ciwo.

Sai dai ina ganin ba a nan kaɗai gizo ke saƙar ba. Ka tambayi kanka me ya sa take ci a tsaye, ta gudu sama da ka fito da burodi. Ba kai take gudu ba. Ita ma shekara talatin ta yi tana shan miyar nan, kuma ita ce ta rasa ta, kai kana da taka. Ka ajiye mata abin da take marmari a gabanta, da kwanukan baƙi, ta tuna ba dama. Ni ma da kukan zan yi. Ita kuma nata kuskuren shi ne wannan "kada ka damu da ni". Tana ganin sauƙi take yi maka, ba ta san kaɗaici ta bar maka ba.

Kada ka roƙe ta ta karya dokarta. Ni ba likita ba ce, ba zan ce maka paleo magani ne ko ba magani ba, kuma yana da kyau ta gaya wa likitanta abin da ta daina ci. Amma jikinta ne, ta ce ta ji sauƙi, kai ma ka shaida.

Batun tsada kuwa, rabu da garin almon. Je wurin mahauci ka nemi ƙashin saniya mai ɓargo da ɗan naman ƙwauri, su ne mafi araha a shagonsa. Ka bar su kan ƙaramar wuta rabin yini. Ka shiga kasuwa ranar Asabar dab da tashi, lokacin da masu kayan lambu ke neman rabuwa da kaya, ka kwaso tushen seleri, karas, albasa mai ganye da kabewa. Ka dafa su a romon, ka markaɗa rabi, za ka ga kaurin da ba ka zata ba. Niƙaƙƙen nama da ƙwai ɗaya da gishiri sun isa ka mulmula ƙananan dunƙule, ba sai da garin burodi ba. A madadin burodi, yanka dankali mai zaƙi fale-fale, ka gasa a tanda har gefensa ya yi ja, ka sa kyafaffen kifi ko dafaffen ƙwai a tsakani. Ba burodi ba ne, kada ka kira shi burodi. Miyar ma kada ka kira ta snert, don duk abin da aka laƙaba wa sunan wani, da shi za a auna shi, kuma zai faɗi.

Naka burodin da cuku, ka tambaye ta kai tsaye ko ganinsu a tebur yana damunta. In ta ce e, ka ci su da safe. Ba za ka mutu ba.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne babba: ka daina shirya mamaki. Wannan karon ka gaya mata tun da wuri abin da za ka dafa, ka kuma gaya mata abin da ka rubuto mini, cewa kewarta kake yi. Ni ka faɗa wa, ita ba ta ji ba. Idan miya ta kusa nuna, ka tsaya a ƙasan bene ka kira ta ta zo ta duba maka gishiri, ko da ka tabbata ya ji. Za ta ce ya yi kaɗan, ko ya yi yawa, kada ka musa. Matar da ta tsaya kusa da kai tana kushe maka miya ta riga ta dawo, sai ka ja mata kujera.

Allah ya ƙara mata lafiya, ya kai ku ƙarshen sanyin nan kuna tebur ɗaya.

Hermien