Inda Yake Zama

Litinin, 3 ga Fabrairu

Ki yi haƙuri, Auta, zan dame ki ko a takarda ne, tunda na san ba gani za ki yi ba. Wata huɗu ke nan kina gidan goggonki. In na kira, waya ta yi ta ƙara har ta gaji.

Yau na fara wa 'yan aji uku aikin kwali mai hawa-hawa. Abin da ke nesa shi ake fara mannawa, na kusa a ɗora shi kan gutsattsarin kwali ya yi tudu, ya ba da inuwa. Na ce kowacce ta yi ɗakin da ta fi sani. Gam har a gefen mayafina.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Daidaito. Na rubuta a allo: kada nauyi ya taru gefe guda, ɗayan ya zauna fayau. Shekara sha tara ina faɗin haka, yau alli ya yi min nauyi.

Sarkin surutun ajin ta ce, "Malama, to in ɗakin namu dama a karkace yake fa?" Aka yi dariya. Na ce ta miƙe shi a kwali, ba mai hana ta.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na sake dafa na mutum biyu.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na sauko da naki aikin kwalin daga saman kabad. Bari in rubuta sau ɗaya yadda aka yi, ban rage ba.

Bayan rasuwar babanki kin yi sati uku kina yanka falonmu a kwali. Labule hawa uku, rediyo, kantar littattafai, duk a hagu. A dama ba komai sai farin kwali. Kin fita, na gan shi a tebur, hannu ya riga tunani. Na yanka tukunyar fure, na yi mata tudu, na danna ta a gurbin har gam ya kama. Har ina jin daɗi wai na taimake ki.

Da kika dawo kika daɗe kina kallo. Kika ce, "Umma, nan ne yake zama."

Ni kuma, Allah ya yafe min, na ce, "Ai ido ba ya son gurbi."

Mijina ne, shekara ashirin da shida. Na kalli wurin zamansa na ga kuskuren ɗaliba.

Na gwada bakin reza ɗazu don in cire tukunyar. Gam ya zama ɗaya da kwalin, in na ɗaga sai ya yage. Na mayar.

Talata, 11 ga Fabrairu

Na kira, goggonki ta ɗauka, ta ce kina wanka. Ina jin muryarki a bayanta.

Ta ce, "Za ta huce. Ke ma dai matar yaya kin cika gyara, ko liman ya yi tuntuɓe ke za ki fara ɗago shi." Na yi dariya don kada ta ji kunya.

Tun muna riƙe da allo aka koya mana haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. Istigfari na yi, ina kan yi. Amma ban taɓa buɗe baki na ce miki na yi laifi ba. Uwa ce ni, wai.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Ɗalibai sun kawo aiki. Akwai wata mai zama a layin baya, ba a jin bakinta. Ta yi tabarma da faranti huɗu, kowanne da tudunsa da inuwarsa, tsaf. Wurin na biyar ta huda kwalin, rami kawai, har ana ganin tebur ta ciki. Duk aikin ya rinjaya gefe.

Jan biro na hannuna. Na ce, "Na wane ne?"

Ta ce, "Na yayana ne, Malama." Ban ƙara tambaya ba.

A daidaito maki biyu na ba ta cikin biyar, don ba zan yi ƙarya a maki ba. Amma ban taɓa mata shi ba. Na ce ta sa a jaka a hankali kada ya lanƙwashe.

Gobe hanyata za ta bi ta ƙofar goggonki. Ba shiga zan yi ba. Shafin Asabar dai ya ɗan saki daga ɗinkinsa, ƙila in bar shi a hannunta.

In ya same ki, Auta, na yi laifi. Ki amsa mini da wuri, ko kalma ɗaya ce.