Rabin Ayar da Na Karanta a Kan Gonar Bakin Rafi

Zuwa ga Yayana Nemani,

Ina gaishe ka da ladabi a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ka lafiya, kai da Yaya Losalini da yara, ya kuma sauƙaƙa maka ciwon bayan da aikin mayanka ya jawo maka a can ƙetare, Brisbane. Mu nan lafiya lau. Inna tana nan da ƙarfinta, gwiwa ce kawai ke damunta, amma bakin nan nata ko alamar tsufa bai yi ba. Matata Unaisi ta rabu da tarin da ya sa ta gaba. Ɗanka Ilaitia, wato yaron wajena, kuma ya dawo daga birnin Suva da maganar aure a bakinsa, yarinyar mai hankali ce, ana sa ran biki bayan yankan rake.

Yaya, maganar gonar bakin rafi ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka san wa'adin hayar maƙwabcinmu Ba'indiye Sukh Deo zai cika a ƙarshen shekarar nan, hayar da kakanmu ya ba mahaifinsa tun ba a haife mu ba. Tunda Baba ya rasu kai ne babban gida, kuma ba abin da za a zartar sai da bakinka. Na san Waisake ɗan baffanmu ya gaya maka ta waya cewa dangi duk sun yarda a karɓe gonar. Bai yi ƙarya ba. Amma ina so ka ji yadda aka yi aka yarda, domin hannuna na ciki dumu-dumu, kuma abin ya hana ni sakat.

Ranar Lahadi muka zauna bayan sujada, a gidan Waisake, an kewaye akushin yangona, jiƙon saiwar nan mai kashe jiki. Shi ya buɗe magana, ya ce ƙasar da kakanninmu suka miƙa wa Allah bai kamata a bar masu kafa jar tuta a tsakar gida suna ƙona wa gumaka turare a kanta ba. Ka dai san Waisake. Shi ne mai zafi a kan masu shan giya, amma yangona yakan sha har ƙafafunsa su ƙi ɗaukarsa zuwa addu'ar safe, in ka yi magana ya ce ka nuna masa inda Littafi ya ambaci yangona da suna. A da dariya nake yi masa, yanzu kuwa ba ni da bakin yi.

Da magana ta yi nisa wasu dattawa suna ɗari-ɗari, sai aka juyo kaina, aka ce ni ne mai wa'azi, in buɗe Littafi Mai Tsarki mu ji. Na buɗe wurin nan a dokokin Musa inda Allah ya hana a sayar da ƙasa har abada domin tasa ce. Na karanta da muryar nan tawa ta kan bagade. Yaya, ayar ba a nan ta ƙare ba. Ragowarta cewa take mu kanmu baƙi ne, a wurinsa muka sauka. Ina ganin kalmomin ƙuru-ƙuru a ƙarƙashin babban yatsana, na rufe Littafin. Ɗaki ya ɗauka da amin, masu ɗari-ɗari suka bi sahu. Ba wanda ya ce ai haya ba sayarwa ba ce. Ni kuma da na san 'yan shafuka kaɗan a baya an ce a ƙaunaci baƙo kamar kai, har na koya wa yara shi a makarantar Lahadi, na ja bakina na tsuke.

Ba turaren Sukh Deo ne ya dame ni ba, tun muna yara muke shaƙarsa muna cin alawar bikinsu. Gonar nake so. Tun da Ilaitia ya fara maganar aure nake bi ta gefen shingen ina auna inda ɗakinsa zai zauna, a inuwar mangwarorin nan, kusa da rijiya. Na kuma samo wa kaina aya, wadda ta ce wanda bai kula da iyalinsa ba ya fi marar bi muni. Wannan na haddace ta tsaf. Da dokar hana ƙyashin abin maƙwabci ta faɗo mini a rai, sai na ce ai gonar ba tasa ba ce, tamu ce, na juya na ci gaba da barcina.

Abin da ya biyo baya shi ne Waisake bai gaya maka ba. Sukh Deo ya ji ƙishin-ƙishin, sai ga shi ya zo da ƙunshin saiwar yangona, irin zuwan da al'ada ta tanada. Ya ɗaura zane irin namu, ya cire takalmi, ya zauna can bakin ƙofa, tsoho da shi, ya yi magana da harshenmu tiryan-tiryan, har ya fi wasu 'ya'yanmu da ke Suva. Bai yi dogon bayani ba. Cewa ya yi, "A nan aka haife ni, ban san hanyar ko'ina ba. Yaran sun watse. Ku bar ni da tsohuwa mu ƙarasa a inda muka saba." Ka san ƙa'ida, in aka ɗora hannu a kan saiwa aka tafa, an karɓi roƙo ke nan, in kuwa ba za a iya ba, sai a mayar wa mutum kayansa cikin mutunci ya san inda ya tsaya. Da yake ba ka nan, ni aka tura wa ƙunshin. Waisake ya sunkuyo ya raɗa mini, "Karɓa mana, malam. Mai kyan nan ce fa ta tsibirin Taveuni, wa ke mayar da irin wannan?" Na ɗora hannu, na tafa, na ce mun ji. Aka daka, aka tace, aka miƙa masa ƙoƙo ya sha, mu ma muka sha har akushi ya bushe. Ya tafi yana ta godiya.

Yanzu mutumin nan yana kan rufin ɗakinsa yana canza kwano. Ya sa shanu sun kafce gefen rafi, ya dasa sabon rake wanda ba zai isa yanka ba sai bayan wa'adin ya wuce. Matarsa Phulmati ta aiko wa Inna roti, gurasar nan tasu, da miyar kabewa. Da na miƙa hannu, Unaisi ta janye kwanon ta ce, "Wannan ba naka ba ne, kai ka riga ka sha naka." Raina ya ɓaci, na ce mata ni ban yi wa kowa ƙarya ba, mun ji kawai na ce. Ta tambaye ni ko da baki ake tafi a garinmu. Inna dai ta ci rotinta tana kallona, kuma ka san wannan kallon.

Ranar jibin Ubangiji, da za a raba gurasa a coci, na yi niyyar in zauna a baya kada in karɓa. Da lokaci ya yi sai na tuna ni ke riƙe faranti, in na ƙi mutane za su yi ta tambaya, na ce ai domin masu zunubi aka shirya teburin, na karɓa. Ka ga ko nan ma aya na samo. Kunya ta kama ni sosai, amma ba ta kai ta tura ni gidan Sukh Deo in faɗa masa gaskiya ba. Shekaranjiya muka haɗu a hanyar garin Labasa, ya tsayar da shanunsa yana murna da auren Ilaitia, ya ce akuyar biki tana wuyansa. Na ce masa na gode.

Roƙona shi ne ka ce a sabunta musu hayar, su zauna iyakar ransu. Mun karɓi saiwarsa a gaban Allah da mutane, kuma sunan gidanmu ne a kai. Ilaitia zai iya gini a tudun bayan coci. Duwatsu ne, ruwa da nisa, amma saurayi ne, ba zai mutu ba. Waisake zai yi ta kumfar baki, ƙarshenta dai ba zai tsallake maganarka ba.

Ka gaishe mini da Yaya Losalini, da Mereoni da mijinta, da ƙaramin Apisalome. Inna tana sa maka albarka, ta ce ka rage ɗaukar nauyi. Unaisi da Ilaitia suna gaisuwa.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi yi mini nauyi. Ko yanzu da nake rubuta maka a bar su, akwai wani gefe na zuciyata da ke fatan ka ce a'a, in samu gonar, laifin kuma ya zama naka. Saboda haka in ka yanke shawara, kada ka kira ni. Ka kira Inna, Waisake da Faston cocinmu suna zaune, ka faɗa kowa ya ji da kunnensa. Ban amince wa kaina in isar da saƙon nan cikakke ba.

Ka sa ni a addu'a.

Ƙaninka,
Peniasi