Na ga wata kalma a takardar idon Baba

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure kuma na rasa wanda zan gaya wa.

Wata biyar ke nan da na baro mijina da 'ya'yana biyu a wani gari, na dawo gida jinyar Babanmu. Mai gyaran agogo ne, idonsa ya fara dishi-dishi, yanzu da murya yake gane mutum. Yayana ke kai shi asibiti. Ko sau ɗaya bai yarda na bi su ba, wai layi da tsawo, in zauna in yi girki. Kullum suka dawo maganar ɗaya ce: likita ya ce a ci gaba da ɗiga magani, zai warke, in ƙara haƙuri.

Ranar Asabar ina wanki na tsinci takardar asibitin a aljihun rigar Yaya. Turancina bai taka kara ya karya ba, amma na ga kalmar da na sani, wato "permanent". Na san ta tun ranar da aka tabbatar da mijina a wurin aiki, ya ce ma'anarta zama daram. To me take yi a takardar idon Baba?

Tun ranar komai na Yaya zargi yake ba ni. In ana kiransa a waya sai ya fita waje. Watan jiya ya sayo mini sabuwar katifa, ni uwar wauta har da godiya. Anti, wadda za ta tafi ake saya wa katifa? Matarsa kuwa ko kofin Baba ba ta taɓa ɗaurayewa ba. Ina jin sun san ba warkewa, sun ɗaure ni da "sai ya warke". Ina son Babana, amma autata ta daina tambayar yaushe zan dawo, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Ƙarya yake mini, ko ni ce ban gane Turancin ba?

Mai jinya

Amsa:

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya. Turancinki bai yaudare ki ba. Ana amfani da kalmar ga abin da ya zauna, ba a sa ran zai canza ko ya koma yadda yake. A takardar aiki albishir ce, a takardar likita kuwa yawanci tana nufin abin da ya lalace ba zai dawo ba.

Sai dai kalma ɗaya kika karanta. Ba ki san ko ido ɗaya ake nufi ko biyun ba, kuma mai yiwuwa maganin na kare ganin da ya rage ne. Kada ki daina ɗiga masa.

Yayanki ya ɓoye miki abin da kike da haƙƙin sani, wannan ba daidai ba ne. Ko zamanki ne ya yi masa daɗi, ko bakinsa ne ya kasa furtawa, ko Baba ne ya roƙe shi ya yi shiru, ban sani ba, ke ma ba ki sani ba tukuna. Ki miƙa masa takardar ku biyu kaɗai, ba a gaban matarsa ba, ki ce ya karanta miki duka. Ranar komawa asibiti ki shirya ki bi su, ki tambayi likita da bakinki.

In ta tabbata, jinyar ba ta wata biyar ba ce, ta sauran rayuwar Baba ce, kuma ba a ɗora wa mutum ɗaya irin wannan. Ku raba kwanaki, ki tsayar da ranar komawarki, ki kira autarki ki faɗa mata ranar.

Allah Ya ba Baba sauƙi, Ya mayar da ke ɗakinki lafiya.