A Mayar wa 'Yata Katinta, Zan Kawo Bulo

Zuwa ga Shugaban Ɗakin Karatu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ce mahaifiyar Rumaisa daga Rafin Guza, matar da masu gadinka suka raka bakin ƙofa ranar Laraba. Da hannuna nake rubuta wannan, ka yi haƙuri da shi, sai da na aurar da 'ya'ya biyu na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Na ɗaya. Rumaisa tana ajin ƙarshe, malaminta ya ce ba zai sa hannu a furojet ɗinta na kammala karatu ba sai ta kawo hujja daga wani littafi kan ruwan rijiya. Tun kafin azumi kwamfutarku mai faɗin inda kowane littafi yake ta mutu. Akwatin katunan da ake dubawa a da kuwa, wai wanda ya yi ritaya ya tafi da makullin. Yarinya ta rame, ni jinina ya hau.

Na biyu. Shi ya sa na bi ta, muka raba kantoci muna karanta bayan littattafai. Abin da na gani ya tayar mini da hankali: dogo kusa da gajere, ja a tsakiyar kore. Ni kuwa duk amaryar layinmu ni ke yi mata jere. Sai na gyara muku kanta uku, manya a ƙasa, ƙanana a sama, kowane launi da 'yan'uwansa. Wai na hargitsa lambobi. Lambobin da kwamfuta ce ta san kansu, ita kuma ko numfashi ba ta yi? Aka ƙwace katin Rumaisa na ɗakin karatu, alhali ba ta taɓa komai ba.

Na uku. Ana fitar da ni na tsaya gyara mayafi a gaban teburin kwamfutar. Karatuna ba sauri, amma ba na tsallake harafi. Ƙaton littafin nan da aka ɗora allon kwamfutar a kai don ya yi tsawo, shi muke nema.

Roƙona, ranka ya daɗe, a mayar mata da katinta kafin ƙarshen wata, lokacin da malamin zai rufe karɓar aiki. In kuna son in ƙarasa sauran kantocin, a shirye nake. Sannan a zaro littafin a ba ta aro. Akwai bulo daidai kaurinsa a gidanmu, na riga na wanke shi.

Allah ya ƙara maka girma, ya ba kwamfutarku lafiya. Wassalam.

Maman Rumaisa,
Rafin Guza.