Zanen Mama a Kwalin Magani

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya yara? Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, hankalina a tashe yake.

Jiya Baba ya sake faɗuwa a ƙofar banɗaki, karo na biyu a mako guda. Likita ya ce jininsa ya sauka sosai, ya tambaye ni me yake sha. Na dawo na buɗe durowar gefen gadonsa, wallahi sai da na zauna a ƙasa. Magungunan Mama ne fal, na hawan jini da na barci, wasu lokacinsu ya wuce tun kafin ta rasu. Su yake sha! Nasa kuwa suna cikin leda, ko ɓare su bai yi ba.

Na kwaso zan zuba a masai, ya riƙe min hannu, ya ce in na taɓa su kada in ƙara taka masa ɗaki. Ni fa Baba ya gaya wa haka. Yanzu makullin durowar yana aljihunsa. Ke ce ma'aikaciyar jinya, don Allah ki faɗa min yadda zan yi, kada in wayi gari da gawa.

Ƙanwarki,
Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai dai wasiƙarki ta hana ni cin abinci, kuma an hana ni hutu a wurin aiki balle in zo.

Kada ki zuba a masai, cikin ruwan sha za su ƙare. Kada ki ƙona, kada ki watsa a bola yara su tsinta. Ki haɗa su ki kai wa mai ba da magani na asibiti.

Amma ki ajiye zafin kan nan naki, ki dubi kwalayen da kyau. Tun da idon Baba ya raunana, Mama ke zana rana a kan maganin safe, wata a kan na dare, nata da nasa. Nasa na yanzu akwai zane? Ki tambaye shi a hankali.

Ki gaishe shi.
Yayarki

Yaya,

Bayan gaisuwa, kin yi gaskiya, ni ce sakarya. Na durƙusa na tambaye shi, ya ce: "Rubutun sabon ba na ganinsa, Auta. Nata ne kawai nake ganewa, kuma ai ciwonmu ɗaya." Wata bakwai tun rasuwar Mama yana kunyar faɗa mana! Na yi kuka har na gode Allah.

Na roƙe shi ya ba ni ƙwayoyin ya riƙe kwalayen. Bai ba ni ba tukuna. Na dai zana masa a kan nasa, na ajiye kusa da filo. Makullin har yanzu yana wurinsa, kuma tsoro bai sake ni ba.

Auta

'Yata,

Ina gaishe ki da mijinki da jikokina. Auta ke rubutawa, ni ke faɗa.

Ta kai ƙwayoyin asibiti yau da hantsi. Kwalayen suna wurina, kada kowa ya taɓa. Ranar da ta zana min a karkace take, ba ta kai ta mahaifiyarku ba, amma ina gane ta.

Allah ya yi muku albarka.
Babanku